Allurar Kumburin Jijiyar Ƙafa: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk wanda ya san halin mutanenmu game da magani, ya san irin matsayin da allura take da shi a zukatansu. Majiyyaci zai baro Kademi ko Ajingi da sassafe, ya bi layi a asibiti, likita ya duba shi ya rubuta masa ƙwayoyi, amma ya fito yana gunaguni cewa ba a yi masa komai ba, tunda dai ba a tsira masa allura ba. Wannan imani shi ne jarin masu kemis da dama, duk da cewa lasisin da suke riƙe da shi bai ba su izinin yi wa kowa allura ba. A irin wannan yanayi ne labarin wata allura ya fara yawo a wayoyin jama'a, wato wadda ake yi don kawar da kumburarrun jijiyoyin ƙafa da kuma siraran nan masu kama da saƙar gizo-gizo. Asibitocin kuɗi na Legas da Abuja suna tallarta, kuma sanin kowa ne cewa abin da ya sauka a waɗannan birane, Kano ce zangonsa na gaba. Ra'ayina shi ne, wannan magani na gaskiya ne, muna kuma da bukatarsa, amma wajibi ne hukuma ta shigo da shi ta ƙofar asibiti tun kafin ya shigo ta tagar kemis da shagon kwalliya.

Yana da kyau mai karatu ya fara fahimtar ciwon kansa, domin harshenmu yana da wani giɓi a nan. Hanyar da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, jijiya muke ce mata. Wadda ke mayar da shi zuciya, jijiya ce. Wadda ke ɗauke da saƙon ji da motsi, jijiya ce, haka nan ma agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Saboda haka idan mutum ya ce yana ciwon jijiya, bai faɗi komai ba tukuna, kuma ta wannan kafa ce 'yan damfara suke sayar da magani ɗaya ga cututtuka huɗu. Wadda muke magana a kanta ita ce mai mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Aikinta hawan tudu ne, don haka aka halitta mata wasu 'yan ƙananan ƙyamare a ciki, masu buɗewa jini ya wuce sama, su rufe don kada ya komo. Tsokar sha-raɓa kuma ita ce famfon da ke tura jinin duk lokacin da mutum ya taka. Idan ƙyamaren suka saki, sai jini ya riƙa komowa yana taruwa a ƙasa, jijiyar ta buɗe, ta kumbura, ta murɗe kamar igiya a ƙarƙashin fata.

Gado yana cikin manyan dalilan wannan matsala, sai shekaru, da ƙiba, da doguwar tsayuwa a wuri guda, da kuma yawan ɗaukar ciki. Malamin makaranta, da mahauci, da mai shayi, da ɗan sanda, da matar da ke wuni a tsaye wajen daka, duk suna cikin layi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya sama da 6 a tsaka-tsaki, kuma kowane ciki yana ƙara wa jijiyoyin ƙafa nauyi. A shekarar 1972 shahararren likitan nan Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa wannan ciwo bai cika samuwa a karkarar Afirka ba. Sai dai rayuwar da ya gani ta sauya, zaman ofis da shago da babur ya maye gurbin doguwar tafiyar ƙasa, abinci ma ya sauya.

Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin muni kawai, wanda wando ko zane zai rufe. Ga wasu haka ne, domin siraran jijiyoyin nan ba su cika cutarwa ba. Amma ga wasu, abin yana farawa da nauyin ƙafa da yamma, da ƙaiƙayi, da kumburin idon sawu, daga nan fatar wurin ta yi baƙi ta taurare, ƙarshe ta fashe ta zama gyambon da ke ɗaukar watanni ko shekaru bai warke ba. Manomin da gyambo ya kama a farkon damina ya yi asarar shekara, magidanci ne kuwa, iyalinsa ma sun yi. Wani lokaci jijiyar kan fashe da ɗan ƙwarzane, jini ya yi ta tsartuwa. A nan ya kamata kowa ya sani: a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, sannan a garzaya asibiti. Kaho da tsaga a kan irin wannan jijiya ganganci ne, kuma ya kamata wanzamanmu su ji wannan daga bakin ma'aikatan lafiya.

To, ita allurar fa? Likita yana zuba wani sinadari, galibi wanda ake kira folidokanol, a cikin jijiyar da ta lalace. Sinadarin yana ƙona bangonta na ciki, ta manne ta toshe, sannu a hankali jiki ya shanye ta, jini kuma ya koma bin lafiyayyun jijiyoyin da ke can cikin tsoka. Ba a sa mutum barci, ba a yanka, aikin ba ya cika wuce rabin awa zuwa minti 45, kuma da ƙafarsa majiyyaci zai koma gida, a umarce shi da yawan tattaki da sanya matsattsiyar safa ta asibiti. Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1963 Farfesa George Fegan na birnin Dublin a ƙasar Ayilan ya wallafa sakamakon yi wa majiyyata sama da 13,000 wannan allura tare da ɗaure ƙafa da bandeji. A wajajen shekarar 2000 wani likitan Italiya, Lorenzo Tessari, ya fito da hanya mai sauƙi ta kaɗa maganin da iska tsakanin sirinji biyu har ya zama kumfa, wadda ke ture jini ta manne wa bangon jijiya, abin da ya sa ake iya toshe manyan jijiyoyi da ɗan magani kaɗan.

Adalci ne a faɗi iyakarta. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, a jagorar da ta fitar a shekarar 2013, ta sa allurar kumfa a mataki na biyu, bayan toshe jijiya da zafin na'ura, tiyata kuma ta zo ta uku. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 798, wanda aka bayyana sakamakonsa na shekara biyar a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da na'ura ko tiyata sun ɗan fi na kumfa jin daɗin ƙafafunsu. Sau da yawa sai an maimaita allurar, kuma jijiyar tana iya sake buɗewa. Amma a duba halin da muke ciki. Na'urar zafin nan tana da tsada, kayan aikinta ma haka, tiyata kuma tana bukatar ɗakin fiɗa da gado da mai sa barci. Allurar kumfa kuwa sirinji take bukata, da magani, da na'urar sikanin mai nuna gudun jini, da hannun da ya ƙware. A cikin ukun nan, ita ce wadda babban asibiti irin na Gaya ko Wudil zai iya ɗauka ba tare da jiran gini na biliyoyin naira ba. Wani gwajin na shekarar 2018 a Birtaniya, kan mutum 450 masu gyambo, ya nuna cewa toshe jijiyar da wuri tare da ɗauri ya rage tsaka-tsakin lokacin warkewa daga kwana 82 zuwa kwana 56. Ga manomi, wannan tazara ita ce bambancin samun noman farko da rasa shi.

Sauƙin nata kuma shi ne haɗarinta, domin duk wanda ya gani a bidiyo zai ɗauka zai iya. Abin da ido ke gani a ƙwauri reshe ne, tushen matsalar sau da yawa yana can matsematsi ko bayan gwiwa, inda babban ƙyaure ya saki, kuma sikanin ne kaɗai ke nuna shi. Wanda ya yi wa reshe allura ya bar tushe ya yi aikin baban giwa. Idan kuma jijiyoyin ciki sun toshe da gudan jini, to, waɗannan na waje su ne hanyar da ta rage wa jini, toshe su gyaran gangar auzinawa ne. Idan maganin ya zuba a wajen jijiya yana iya cinye fata ya bar miki. Idan aka kuskure aka zuba shi a jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, ƙafar tana iya ruɓewa har a yanke ta. Akwai wanda jikinsa ke ƙin maganin nan take, numfashi ya sarƙe, sai da kayan ceton gaggawa a kusa. Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi wa wanda ke kwance ba ya iya tafiya. Mun ga yaran da allurar ɗuwawu ta taɓa wa jijiyar motsi suka koma jan ƙafa, wannan kuwa allura ce da ake ganin kowa ya iya.

Akwai magana ta musamman ga 'yan'uwanmu mata. Mayukan bilicin da ake haɗawa da sinadarin sitiroyid suna sirantar da fata har ƙananan jijiyoyi su fito fili, a fuska da cinya da ƙwauri. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Abin tsoro shi ne shagon da ya sayar da man da ya ɓata fatar, shi ne kuma zai tallata allurar gyara ta, a ci riba sau biyu a jikin mutum ɗaya. Ga shi kuwa ɗaya daga cikin sanannun illolin allurar shi ne barin baƙin tabo a kan hanyar jijiyar, wanda kan daɗe kafin ya gushe, musamman a fata irin tamu.

Me ya kamata a yi? Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano, tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, su tsara horas da likitocin manyan asibitocin ƙananan hukumomi kan duba jijiyar ƙafa da sikanin, a kuma ware ranar da ƙwararre zai riƙa ziyartar shiyya-shiyya. Na biyu, a koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko, irin na Kademi da ƙauyukan Ajingi, cewa duk mikin ƙafar da ya wuce mako biyu bai warke ba a tura shi gaba. Ba kowane gyambo ne na jijiya ba, akwai na sikila, da na ciwon sukari, da na ƙarancin jinin da ke isa ƙafa, kuma ɗaure na ƙarshen nan da matsi yana iya kashe ƙafar. Ƙaramar na'urar hannu mai sauraron bugun jini tana taimakawa wajen rarrabewa, asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa kuma zai iya sayenta. Na uku, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta tabbatar bandejin matsi da safar asibiti da wannan allura suna cikin abin da take biya wa mai gyambo, a bar mai neman ado ya biya da aljihunsa. Na huɗu, hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi ta fito fili ta bayyana cewa wannan aiki na likita ne mai rajista, a wurin da ke da sikanin, ta kuma bi masu talla a Facebook da TikTok tun kasuwar ba ta kafu ba.

Mu kuma da muka yi karatu, mu ne ake bugo wa waya daga gida idan ciwo ya tashi, kuma sau da yawa mu ne masu biyan kuɗin magani. Idan aka ce mana ƙafar Inna ko ta Baba tana kumbura da yamma, ko fatar idon sawu ta fara baƙi, kada mu tura kuɗin allura mu ce mun sauke nauyi. Mu sa a kai su asibiti a duba, mu ƙarfafa musu tattaki da ɗaga ƙafa lokacin hutu. Idan kuma wani ya ce zai yi allurar, mu tambaye shi abu uku: ina rajistarsa ta likita, ina hoton sikanin da ya nuna inda jinin ke komowa, kuma me ya tanada idan jiki ya ƙi maganin? Wanda ya kasa amsa ɗaya daga ciki, kada a miƙa masa ƙafa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa hukumomi su ji, amin.