Sharhi: Linux na sallamar tsofaffin direbobi, ina makomar tsofaffin kwamfutoci a Suleja?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da dama suka fara kallon manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 1991 kuma ake samunta kyauta. Lamarin ya shafi wurare irin su Wambai da ke Suleja, inda aikin buga takardu da gyara ya dogara sosai kan kwamfutocin na hannu.

Sai dai ita ma Linux tana rage kaya. A 2021, sigarta ta 5.14 ta cire tsohon direban IDE, wato ɓangaren manhajar da ke sa kwamfuta ta karanta faifan ajiya mai faffaɗar waya. Ba a yi watsi da faifan ba, domin wani sabon tsari mai suna libata ya riga ya karɓi aikin. A farkon 2025 kuma, siga ta 6.13 ta cire ReiserFS, wani salon jera bayanai a kan faifai. A nan babu magaji: sabuwar sigar ba ta buɗe faifan da aka tsara da shi.

Dalilin ba tsufa kaɗai ba ne. Kowane direba yana buƙatar wanda zai gwada shi ya kuma toshe ɓarakarsa. A 2019, Torvalds ya ayyana direban faifan fulofi a matsayin maraya bayan mai kula da shi ya rasa na'urar gwaji mai aiki. Direban ya tsira ne saboda wani ya ɗauki nauyinsa.

Wannan ke nuna cewa a duniyar manhajar kyauta, abin da ke da mai kula shi ne ke rayuwa. Masu amfani a Najeriya ba safai suke kai rahoton na'urorinsu ga masu haɓaka Linux ba, don haka ana iya ɗauka cewa babu mai buƙatarsu.

Babbar asarar da ake gudu ba ta ƙarfe ba ce, ta bayanai ce: takardun filaye, sakamakon jarrabawa da lissafin kasuwanci. Ya kamata makarantu, ofisoshi da masu shaguna su kwafe abin da ke kan tsofaffin faifai zuwa sababbi tun akwai na'urar da ke iya karanta su, kuma masu gyara su bincika kafin su sabunta manhaja.