Kasuwar sunayen intanet: Kafin ka zuba jarinka, lissafa kuɗin haya

Makonni kaɗan da suka wuce, wani ƙanena da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba ya turo min wani saƙo da ake yaɗawa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Tallar wani horo ne na kwana uku, wanda aka ce zai koya wa mutum yadda zai sayi sunan shafin intanet a kan dala 10 ya sayar da shi dala 10,000, yana kwance a ɗaki da wayarsa. A ƙarƙashin tallar ya rubuto: "Yaya, ɗan abin da na tara daga alawus yana nan. Me ka gani, in shiga?"

Na ce masa ya dakata mu yi lissafi tukuna. Lissafin da muka yi a daren shi ne na ga ya dace in kawo wa masu karatu, domin na san ba shi kaɗai wannan saƙo ya riska ba. Kasuwar nan gaskiya ce, doka ba ta hana ta ba, kuma akwai waɗanda suka yi arziki a cikinta. Amma masu tallata ta ga matasanmu suna ɓoye abu mafi muhimmanci: sunan intanet hayarsa ake yi, kuma duk shekara sai an biya hayar, ko an samu mai saye ko ba a samu ba.

Me ake saya?

Sunan shafi, wanda masu sana'ar ke kira domen, shi ne adireshin da kake bugawa a waya ya kai ka wani shafi, kamar google.com ko bbc.com. Mutum biyu ba za su riƙe suna ɗaya a lokaci guda ba, wanda ya riga yin rajista shi ke da shi. Daga nan kasuwar ta samo asali: mutum ya hango sunan da wani kamfani zai buƙata gobe, ya kama shi yau da araha, ya jira a zo a taya.

Sunan farko da aka yi wa rajista da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985. Yau sunayen da ke ƙarewa da .com sun haura miliyan 150, idan kuma aka haɗa da sauran irin su .org da .net da .ng, jimillar ta wuce miliyan 350.

Masu talla kan kwatanta harkar da sayen filaye, kuma kwatancen na saurin shiga ran Bahaushe, domin kowa ya san wani da ya sayi fili a bayan gari lokacin da wurin yake gona, yau gari ya iske shi. To amma sunan intanet ya fi kama da rumfar haya a kasuwa. Ana yin rajistarsa daga shekara 1 zuwa 10. Idan wa'adi ya cika ba ka sabunta ba, za a ɗaga maka ƙafa na ɗan lokaci, sannan a ba ka kwana 30 na fansa da tara mai tsada, bayan haka a sake shi ga duk mai so. Kamfanonin rajista da yawa ma ba sa jira a kai nan, gwanjonsa suke yi. Duk abin da ka biya a shekarun baya ya tafi ke nan.

Labaran miliyoyin daloli

Ba a musun cewa an yi manyan cinikayya. A 1999 an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5. A 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar wa Block.one sunan voice.com a kan dala miliyan 30. Elon Musk da bakinsa ya ce sai da kamfaninsa ya biya dala miliyan 11 kafin ya mallaki tesla.com. A 2023 Dharmesh Shah, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa HubSpot, ya sayi chat.com a kan dala miliyan 15.5, daga baya sunan ya koma hannun OpenAI, masu ChatGPT.

Waɗannan su ne labaran da ake liƙa wa tallar horo. Amma a duba su da kyau. Yawancinsu kalma ɗaya ce gajera ta Turanci da duniya ta sani, kuma an kama su tun shekaru da dama da suka wuce, lokacin da akasarinmu ba mu taɓa ganin kwamfuta ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi kuwa wanda ya shigo daga baya ya ci riba, irin mai chat.com, da miliyoyin daloli ya shigo a aljihu. Wanda ya zo yau da dala 10, abin da zai tarar shi ne sunayen da miliyoyin mutane suka duba suka wuce, har da manhajojin da ke aikin kama sunaye dare da rana da zarar wa'adinsu ya ƙare.

Lissafin da ba a faɗa a talla

Kamfanin Verisign na Amurka shi ke riƙe da rumbun .com. A Satumbar 2024, kuɗin da yake karɓa daga kamfanonin rajista irin su GoDaddy da Namecheap a kan kowane suna ya koma dala 10.26 a shekara. Su kuma su ɗora ribarsu. Farashin da kake gani mai rahusa a talla na shekarar farko ne, na sabuntawa ya fi shi.

Su kansu tsofaffin 'yan kasuwar sukan ce mai sunaye masu kyau, idan ya sayar da ɗaya ko biyu cikin ɗari a shekara, ya yi ƙoƙari. Shi ya sa ba a yin sana'ar da suna uku ko biyar, sai da ɗaruruwa ko dubbai.

Mu ɗauki misali. Ka kama sunaye 100, kowanne a kan dala 12. Dala 1,200 ke nan duk shekara. Idan ana canjin dala a naira 1,500, kuɗin ya kama naira miliyan 1.8. A ce Allah Ya ba ka sa'a ka sayar da guda a kan dala 1,000. Dandalin da ya haɗa ka da mai saye, irin su Afternic ko Sedo, zai cire la'adarsa, wadda kan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Abin da zai shigo hannunka bai wuce dala 850 ba. Ka yi ciniki, ka yi murna, amma ko kuɗin hayar shekarar ba ka mayar ba. Sauran 99 kuma na nan suna jiran kuɗin baɗi.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin nauyi. Ɗan kasuwar Amurka da dala yake samu, da dala yake biya. Mu kuwa da naira muke samu. A farkon 2023 farashin gwamnati na dala na wajen naira 460, a 2024 ya haura 1,500. Wato sunan da ake sabuntawa a kan kimanin naira 5,500 ya koma 18,000, alhali sunan bai ƙara daraja ko ta sisin kwabo ba.

Sannan wannan haja ce da ba a sayar da ita ranar da aka matsu. Mai tunkiya idan rashin lafiya ta taso zai ja ta kasuwa ya dawo da kuɗi kafin la'asar. Mai sunan intanet kuwa zai iya shekara biyar ba wanda ya taya, domin mai sayensa sau da yawa mutum ɗaya ne tak a duniya, kuma ba lallai ya taɓa zuwa ba.

Wa ke cin riba kullum?

Wanda ke karɓar haya. Ƙaramin tsibirin Anguilla da ke yankin Karibiyan, mai mutane kimanin 16,000, shi ke da .ai tun kafin a san haruffan za su yi daraja. Da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi rububin sunaye masu wannan ƙarshe, a 2023 tsibirin ya samu kimanin dala miliyan 32, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa. Ko wanda ya kama sunan ya sayar ko bai sayar ba, Anguilla ta karɓi nata.

Haka Verisign, haka kamfanonin rajista, haka dandalin dillanci. Sai kuma mai sayar da horo, wanda tun ranar farko ya karɓi kuɗinsa a hannu. Tambayar da na ce ƙanena ya yi masa ita ce: sunaye nawa ka sayar da kanka, a wane dandali, kuma nawa ka kashe wajen sabuntawa a shekarun? Wanda ya san hanyar mayar da dala 10 ta koma 10,000 ba shi da buƙatar bin ɗalibai yana karɓar kuɗin horo.

Sunan wani ba haja ba ne

Wata shawara mai haɗari da ake bai wa sababbin shiga ita ce su kama sunan wani banki, ko kamfani, ko fitaccen ɗan siyasa ko ɗan fim, wai dole ya zo ya fansa. Wannan hanya ce ta jawo wa kai wahala.

Tun 1999 hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta kafa ƙa'idar sasanta irin wannan rikici. Mai alamar kasuwanci zai iya kai ƙara wurare irin su hukumar WIPO da ke Geneva. Idan ya nuna cewa sunan ya yi kama da alamarsa, kai ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka kama shi kake amfani da shi, za a ƙwace a miƙa masa ba tare da an ba ka ko kwabo ba.

A gida kuma, sashe na 25 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani mutum ko kamfani ko gwamnati da gangan don ya hana mai shi amfani da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma 'yan damfara da ke farautar sababbin shiga. Sananniyar dabararsu ita ce a aiko maka da imel a ce ana son sunanka a kan dubban daloli, amma sai ka kawo takardar tantance darajarsa daga wani shafi da za su nuna maka. Ka biya kuɗin takardar, mai sayen ya ɓace, domin shi ne mai shafin. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya kafin ya biya. Kuma ba a miƙa suna sai kuɗi ya shiga hannun amintaccen mai shiga tsakani, irin su Escrow.com ko dandalin da aka yi cinikin a kai.

To sunayen Hausa fa?

Ƙanena ya kawo wannan hujja: tunda na Turanci sun ƙare, me zai hana a kama na Hausa kafin a farga? Tunanin ba laifi, amma daraja daga mai saye take zuwa. Yawancin masu sana'a a garuruwanmu, daga mai turaren wuta zuwa mai atamfa a Kantin Kwari, a WhatsApp da Instagram da Facebook da TikTok suke ciniki, ba su damu da shafi na kansu ba tukuna. Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa: mutane a, b, c na Turanci suke bugawa a adireshi, don haka ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, duk abu ɗaya suke komawa. Ranar da kasuwar za ta buɗe tana iya zuwa, amma wa zai riƙa biyan haya har ta zo?

Sunan da ya kamata ka saya

Akwai suna guda da nake ganin bai kamata mai sana'a ya yi sakaci da shi ba, wato sunan sana'arsa. Makaranta, asibiti, gidan jarida, shago, ƙungiya, duk wanda ya sha wahala ya gina suna, ya kama adireshinsa kafin wani ya riga shi. Shafinka na sada zumunta za a iya rufe shi ko a yi masa kutse dare ɗaya, amma adireshin da ka yi wa rajista yana hannunka muddin kana sabuntawa.

Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng da .com.ng, kuma ana yin rajista ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira. Abu biyu za a kiyaye. Na farko, rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka, kada ta kasance da na yaron da ya haɗa maka shafin, domin ranar da kuka saɓa zai tafi da adireshin. Na biyu, ka rubuta ranar ƙarewar wa'adi a inda ba za ka manta ba.

A nan ne NiRA da hukumar NITDA ke da aiki a gabansu. Bayanin waɗannan abubuwa kusan duk da Turanci yake, shi ya sa masu tallar horo suka samu fili. Ya kamata a riƙa yinsa da Hausa a gidajen rediyo da shafukan da matasa ke bi.

Wanda kuma ya ga lallai sai ya gwada kasuwar, ya gwada da kuɗin da idan ya ɓata ba zai hana shi barci ba. Kada ya ci bashi, kada ya taɓa jarin sana'a ko kuɗin makaranta. Ya fara da suna biyar zuwa goma, ya lissafa hayar shekara uku tun kafin ya saya, ya kuma yarda ya saki duk wanda ba a taya ba.

Ƙanena dai bai biya kuɗin horon ba. Ya kama suna guda ɗaya mai .com.ng don sana'ar ɗinkin huluna da yake yi tare da abokinsa, sauran kuɗin ya ƙara a zare.