Kyandir, addu'a, da bashin mai abinci

Jama'a, duk lokacin da aka yi rasuwar ɗalibi, rigima ɗaya ce ke tashi a guruf ɗin WhatsApp na aji. Kafin a gama sanar da iyaye, wani ya ce a tara kuɗin kyandir da baƙaƙen riguna, wani ya ce wannan ba addininmu ba ne, sai zagi, sai ka ga mutum biyar sun fice. Mamacin da ake magana a kansa kuwa an manta da shi.

Ni Musulmi ne, ba na zuwa jerin gwanon kunna kyandir. Abin da aka koya mana shi ne wanka, likkafani, sallar jana'iza, raka gawa, ta'aziyya da addu'a. Ko a cikinmu ma akwai saɓani kan sadakar uku da bakwai da arba'in: 'yan Izala na ganin bidi'a ce, da yawa daga 'yan ɗarika suna yi. To idan mu da muke salla a sahu ɗaya ba mu gama daidaitawa ba, don me zan tsaya ina zagin abokin karatuna Kirista saboda ya riƙe kyandir yana waƙar coci? Abokinsa ya rasa, da abin da ya sani yake kuka. Shi ma kuma bai kamata ya ce ba ni da zuciya don ban fito ba.

Amma abin da ya fi damuna ba kyandir ba ne. A daren ake gama komai. An ɗauki hoto, an sa a Facebook, shikenan.

Mu da muke haya a wajen makaranta, daga cikin Gwagwalada har nan Paikon Kore inda ɗaki ya fi sauƙi, mun san yadda ɗalibi ke rayuwa. Akwai bashin mai shago, akwai na mai abinci, akwai ragowar kuɗin haya, akwai ɗan canjin da ya ranta wurin abokin ɗaki. Iyayensa suna can wata jiha, ba su san ko ɗaya ba. Mai abincin kuma kunya ba za ta bar ta ta je gidan makoki da littafin bashi ba. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wa ya san bashin ɗalibi in ba mu ba? Kuma ban taɓa jin Kiristan da ya ce biya wa mamaci bashi ya saɓa wa addininsa ba. Nan ne wurin da duk za mu iya haɗuwa.

Haka ma kayansa. Katifa, kwamfuta, takardu, aikin bincikensa da bai ƙarasa ba. Sau da yawa ba wanda ke ɗaukar nauyin tattarawa, sai kaya su bi hannun mutane, alhali dukiyar magada ce ko da bokiti ne.

Sannan ga gajeren tunaninmu. Ɗalibai nawa ne suka san 23 ga Mayu, 1986, ranar da 'yan sanda suka harbe ɗalibai a ABU Zariya? Asalin rikicin ma jerin gwanon tunawa ne da waɗanda aka kashe a zanga-zangar “Ali Must Go” ta 1978. Wato waɗancan ɗaliban, bayan shekara 8, ba su manta da nasu ba. Nawa ne suka san 29 ga Afrilu, 2012, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Kiristoci masu ibadar Lahadi a tsohuwar harabar BUK, aka kashe mutane ciki har da Farfesa Jerome Ayodele da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi? Mu kuwa wanda ya rasu a zangon farko, kafin jarrabawar zango na biyu sunansa ya ɓace.

Shawarata ga shugabannin aji, da MSSN, da ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci: kowa ya yi addu'arsa a masallacinsa ko cocinsa, kada a tilasta wa kowa, kada a yi wa kowa gori. Kuɗin da ake tarawa kuwa a fara da bashi. A wakilta mutum biyu, Musulmi da Kirista, su zagaya wurin mai gida da mai shago da mai abinci su tambaya a asirce, su rubuta, su biya. Abin da ya rage a haɗa da kayansa a kai wa iyayensa hannu da hannu. Kuma a ajiye lambar wayar mahaifiyarsa, ranar da 'yan ajin suka gama karatu wani ya kira ta ya gaishe ta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri.