Kankiya da Kusada: Ma'aikatan da ke mutuwa babu mai ƙirga su

Da zarar an kammala girbi, matasan Kankiya da Kusada kan hau babbar hanyar Katsina zuwa Kano domin cin rani. Wasu kan tsaya Kano, wasu su zarce Abuja ko Legas, inda suke acaɓa da dako da gadi da leburanci. Ba duka ke dawowa ba. Akan kira dangi a waya a ce an daɓa wa wane wuƙa an gudu da babur ɗinsa, ko kuma ya faɗo daga bene. A yi jana'iza kafin faɗuwar rana, a karɓi gaisuwa kwana uku, daga nan magana ta mutu.

Idan 'yan daba a Kano ko ƙauraye a Katsina suka kashe mai gadi a ƙofar shago, 'yan sanda kan rubuta kisan kai ko fashi. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Mutumin a bakin aikinsa ya rasu, kuma wannan rabin ne ke bai wa iyalinsa damar neman diyya.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, tare da kai rahoton rauni ko mutuwa. Sai dai alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da babu rajista. Leburan da ake sallama kullum da yamma ba shi da takardar da magadansa za su nuna.

Shirun yana da dalilai. Uban gida na gudun shari'a, sai ya aika da buhun shinkafa da kuɗin ta'aziyya. Dangi na tsoron a riƙe gawa a asibiti, sai su ce ƙaddara ce. Alhali tawakkali bai soke haƙƙin marayu ba, domin shari'ar Musulunci kanta ta tanadi diyya ko da a kisan kuskure.

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, saboda ɓarnar 'yan bindiga ta fito fili. Mutuwar ɗan ƙwadago kuwa ɗai-ɗai take zuwa, shi ya sa ba ta shiga kasafin kuɗi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Babu jana'izar da ke wuce liman da mai unguwa. Ƙananan hukumomin biyu za su iya haɗa kai da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a riƙa rubuta sana'ar mamaci da inda ya rasu. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti kullum su ajiye irin wannan littafi. Da shi ne ɗan majalisar Kankiya, Ingawa da Kusada zai iya tunkarar NSITF da sunaye a hannu.