Hayaƙin Biranen Kurmi Ya Kai Ga Gajimare

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Mile 12 ya san yadda gari ya ke wayewa a Ikko. Kafin rana ta fito sama ta riga ta yi duhu-duhu, ba hazo ba, ba hadari ba, ga warin dizal da na bola mai ci a hanci. Mutane sun saba har sun daina lura. To, amma akwai masana ilmin sararin samaniya da su ka ɗauki shekaru su na auna wannan iska, kuma abin da su ka samo ya shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da yadda a ke zato.

Jagoran binciken shi ne Shaihun Malami Peter Knippertz na Karlsruhe a ƙasar Jamus. Daga shekarar 2013 zuwa 2018 ya shugabanci wani shiri mai suna DACCIWA, wanda Tarayyar Turai ta biya kuɗinsa, ya kuma haɗa jami'o'i da cibiyoyin bincike na Turai da na Afirka ta Yamma. A watannin Yuni da Yuli na shekarar 2016, an kawo jiragen sama uku, na Jamus da na Faransa da na Ingila, a ka yi musu sansani a Lome, su ka riƙa shawagi a samaniyar Togo da Benin da Gana da Kwaddibuwa su na zuƙar iska su na aunawa. A ƙasa kuwa an kafa tashoshi uku, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Sabe ta ƙasar Benin, ta uku a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. An kuma saki ɗaruruwan balan-balan masu ɗauke da na'urorin awo.

Abu na farko da ya ba masanan mamaki shi ne, ko a tsakiyar damina, lokacin da a ke tsammanin ruwa ya wanke sama, iskar da ke shigowa daga teku ba mai tsabta ba ce. Ta na zuwa da hayaƙin gobarar daji da ƙonon gonaki na ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wanda ya keto teku na dubban kilomita. A kan wannan ne biranen gaɓa, daga Abijan zuwa Ikko, su ke ɗora nasu.

Abu na biyu shi ne ya fi kusa da mai karatu. A Abijan da Kwatano masanan ba su tsaya ga auna iskar gari kawai ba. Sun je inda mata ke banda kifi da nama da itace, da babbar bolar Akuwedo inda a ke ƙona shara a lokacin, da bakin titi inda 'yan acaɓar Kwatano ke wuni. Abin da su ke nema shi ne wata ƙura mai laushin gaske wadda ido ba ya gani, silin gashi ɗaya ya fi ta kauri wajen sau talatin, ita ce kuma ke wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Inda a ka fi samun ta shi ne wurin masu banda da itace, ya ma fi bakin titi.

Ba sai an yi dogon bayani ba. Wane ne ke tsaye a kan tukuba daga la'asar har tsakar dare a Obalende da Sabon Badun? Wane ne ke babbakar kai da ƙafa da ganda a mayankar Oko-Oba, inda a ka sha kokawa kan amfani da tsoffin tayoyin mota a madadin itace? Su wane ne ke tsintar ƙarafa a bola, ko ke kwana a ƙarƙashin tanka a Apapa su na jiran lodi cikin hayaƙin motocin da ba a kashe ba? Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da Jamhuriyar Nijar. Yawancinsu kuma in tari ya kama su kantin magani su ke zuwa, in abin ya tsananta a sa su a mota a kai su gida. Saboda haka ba su shiga lissafin asibitocin Kudu, a gida kuma ba wanda zai ce hayaƙin Ikko ne ya kwantar da su.

Duk da haka akwai lissafin da a ka yi. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Ikko, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, hasarar kuma ta kai dala biliyan 2.1. Awon ƙurar nan a birnin ya kai 68, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade 10 a lokacin, a 2021 ma ta rage shi zuwa 5. Rahoton ya ɗora mafi yawan laifin a kan motoci da masana'antu da janareto. Mazauna Fatakwal kuwa ba su bukatar rahoto, domin tun ƙarshen 2016 su ka fara tashi su na iske baƙin toka a kan shimfiɗa da cikin hancin yaransu.

Sai maganar ruwan sama, wadda ita ce ainihin sana'ar Knippertz. Ruwan damina a Kudu ya dogara ne a kan zafin da rana ke dasa wa ƙasa, wanda ke tayar da iska mai laima sama ta zama hadari. In hayaƙi ya tare hasken rana, ƙasa ba ta yin zafi yadda ya kamata, hadarin sai ya yi rauni. A wani nazari da shi da abokan aikinsa su ka buga a 2021, sun duba awon shekaru fiye da talatin, su ka ga hasken rana da ke isowa ƙasa a yankin ya na raguwa, ruwan da a ke samu a lokacin ɗan hutun damina na Agusta da kuma bayansa shi ma ya na raguwa. Sun yi hattara ƙwarai, sun ce alamu ne masu ƙarfi, ba hukunci ba.

Manomin Arewa bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin matsalar masu koko da rogo ba. Farin 1973 da na 1984, waɗanda su ka kashe dabbobi su ka koro dubban mutane zuwa Kudu, yanzu masana da yawa sun yarda cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu a cikinsu, domin ya sanyaya tekun arewa ya janye damina ta yi kudu. Watau an taɓa ganin hayaƙin wani wuri ya hana ruwa a wani wuri. Kuma iskar da ke ratsa Ikko da Kwatano ita ce dai ke ɗauke da laimar da ke sauka a Zazzau da Daura.

Ina hukuma a cikin wannan? Dokoki dai akwai su. Jihar Ikko na da hukumar kare muhalli tun 1996, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 2007. A watan Disamba na 2016, bayan wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan ta tona yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man da ba za a karɓa a ƙasashensu ba su kawo Afirka, Nijeriya da maƙwabtanta huɗu sun yi alkawari a Abuja za su rage farar wutar da ke cikin dizal zuwa kashi 50 cikin miliyan, daga 3,000 da Nijeriya ta ke yarda da shi. An sa ranar fara aiki a 2017, a ka ɗaga, a ka sake ɗagawa. Amma da a ka tashi hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Ikko a 2020 da 2022, bisa dalilin haɗari da tsaro, cikin 'yan kwanaki a ka fara kame babura a na murƙushe su. Ashe in a na so a na iyawa, sai dai ya danganta ga wanda dokar za ta hau.

Haɗarin da ke tafe ke nan. Ranar da gwamnatocin Kudu su ka waiwayi maganar hayaƙi gadan-gadan, mai tukuba da mai babbaka su ne mafi sauƙin kamawa, ba mai masana'anta ba, ba kuma mai janareton da ke kunne dare da rana a Ikoyi ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta da na 'yan tireda za su yi wa jama'arsu gata in su ka riga hukuma motsawa, su hana babbaka da taya a mayankun da ke hannunsu, su kuma nemi a sa musu murhun gas a Oko-Oba da Bodija kafin a zo musu da takardar tashi.