Godiya Da Haƙuri Sana'a Ce, Sai An Koya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili kamar yadda ka saba, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan abu biyu da kowa ke ambata amma kaɗan ke aikatawa, watau godiya da haƙuri.

A baki dai ba mu rasa su ba. Ka ce wa Bahaushe ina aiki, ya ce da godiya. Ko ruwa ya rushe masa katanga, ka ce ya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. A ƙasar Kabo ma har gari akwai mai suna Godiya. To, amma mutumin nan da ya ce da godiya da safe, shi ne zai kwana yana juyi bisa tabarma, yana ƙidayar bashi da tsadar taki da abin da wane ya samu shi bai samu ba, har asuba ta riske shi ido biyu. Dalili kuwa shi ne, godiya da haƙuri sana'a ce kamar ɗinki ko saƙa. Wanda bai riƙa yi ba, hannunsa ba ya faɗawa.

Kowane akawu ya san littafin kuɗi shafi biyu gare shi, na abin da ya shigo da na abin da ya fita. Akawun da ya cika shafin fita, ya bar na shiga fari fat, ko baitulmali cike ya ke, littafinsa zai ce an karye. Haka zuciyar ɗan Adam ta ke. Ɓacin rai ba ya neman magatakarda, shi ke rubuta kansa. Alheri kuwa, in ba a kama shi an rubuta ba, kafin magariba an manta.

Waɗansu masana a Amurka sun gwada wannan magana. A shekara ta 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka bayyana wata jarrabawa da suka yi. Sun raba ɗalibai kashi uku. Kashi na fari, kowane mako su rubuta abu biyar da su ke godiya a kai. Na biyu su rubuta abu biyar da suka dame su. Na uku su rubuta abin da ya faru da su kawai. Bayan mako 10, sai aka ga na farin sun fi sauran jin daɗin zamansu, sun fi sa rai da alheri, kukan ciwon jiki kuma ya yi ƙaranci gare su. A 2005 kuma Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane su riƙa rubuta abu uku masu kyau kowane dare, da sanadin kowane, har kwana 7. Aka iske amfanin abin yana tare da su har wata 6, musamman waɗanda suka ɗore da yi. Masanan da suka biyo baya sun ce amfanin matsakaici ne, amma ai da babu gara ba daɗi, balle abin da ba ya cin ko kwabo.

Ga yadda za ka yi. Ka nemi ɗan littafi, ko da boko za ka rubuta ko da ajami. Bayan lisha ka rubuta abu uku, ka kuma ambaci ta hannun wa suka zo. Kada ka ce lafiya kurum, gama wannan gaisuwa ce. Ka ce, yau zazzaɓi ya saki yaro, albarkacin maƙwabcin da ya kai mu asibiti bisa babur. Sa'an nan sau ɗaya a wata ka zaɓi mutum guda da ya taɓa yi maka alheri, malaminka na allo, ko gwaggon da ta goye ka, ka taka ka faɗa masa da bakinka. Mutanen da sun ce yaba kyauta tukwici.

Batun haƙuri kuwa, ba sai mun tafi Amurka neman malami ba. A 1913 ruwa ya ɗauke a ƙasar Kano, a 1914 aka yi yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. A 1972 da 1973 aka sake yin fari mai tsanani, dabbobi suka yi ta mutuwa. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, wadda ita ce kuɗin harajin talaka da na suturarsa. Duk da haka Gwarzo da Getso da Kutama ba su zama kufai ba. Wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya daɗe yana duba yadda manoma suka tsallake farin nan, har ya rubuta littafi a kai a 1989. Abin da ya gani shi ne ba su naɗe hannu ba. Suna haɗa gero da dawa da wake a gona guda, in wani ya ƙi wani ya yi. Suna kiwon awaki don ranar wuya, suna da sana'ar hannu, suna tafiya cin rani su aiko gida. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, suka kama noman rani. Mai haƙurin da aka ce ya kan dafa dutse, lalle yana iza wuta.

Saboda haka in wuya ta same ka, raba takarda biyu. Gefe ɗaya ka rubuta abin da ba ya hannunka, kamar saukar ruwa da farashin kasuwa. Wannan ka bar wa Mai Shi. Ɗaya gefen ka rubuta abin da ke hannunka, kamar irin da za ka shuka, da damin da za ka ɓoye a rumbu, da adashin da za ka shiga. Ka zaɓi guda ka fara da shi gobe. Ka kuma rubuta sunan wanda za ka yi shawara da shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma fa jama'a, a lura da abu biyu. Kada manya su mai da kalmar haƙuri linzami a bakin na ƙasa. Leburan da aka riƙe wa haƙƙi yana iya gode wa Allah da lafiyarsa, ya kuma kai ƙara inda ya kamata. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Na biyu, wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ba ci, ba barci, ba sha'awar komai, kada a zarge shi da butulci. Ciwo ne, a kai shi ga likita. Asibitin Dawanau kusa da Kano don irin wannan aka gina shi.

Ina roƙon malaman makaranta su gwada wa yara rubutun abu ukun nan har wata guda, su aiko wa Edita abin da suka gani, mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu cikin masu godiya, amin. Haza wasalam.

Naka,
Akawu,
Unguwar Tudu, Gwarzo.