Na'urar Ƙirji Ba Ta San An Sallame Ka Ba

A Amurka, idan aka sallami mutum daga aiki, yawanci inshorar lafiyarsa ma sai ta bi shi waje. Ni kam zalunci nake gani a nan. Ɗauki wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji. Batirinta kan ƙare bayan wasu shekaru, dole a sake tsaga wurin a canza, ga zuwa wajen likita a kai a kai. Idan aka sallame shi, dokar COBRA ta ba shi damar riƙe inshorar kamfanin har wata 18, amma shi zai biya komai, har kason da kamfanin ke biya, da ƙarin kashi 2 cikin 100. Wanda albashinsa ya tsaya, ina zai samo? Dokar Obama ta 2010 ta cancanci yabo, domin tun 2014 ba a hana kowa inshora saboda tsohuwar cuta, kuma wanda aka sallama yana da kwana 60 ya sayi sabuwa. Sai dai sabon kamfanin inshorar kan iya cewa likitan zuciyarsa ba ya cikin likitocinsu. A Texas kuwa, wadda ta ƙi faɗaɗa Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga matalauta, magidanci marar yara kuma marar nakasa ba ya samun tallafin, komai talaucinsa.